Kofin Goggo a Jikin Mangwaro

A tsakar gidanmu na Magami akwai bishiyar mangwaro, a jikinta kuma akwai wata ƙusa da Baba ya kafa tun ban yi wayo ba. A ƙusar nan ake rataye kofin Goggo mai wanki. Jan kofi ne na roba, an ɗaura masa igiya a hannu. Mu mutanen gida da moɗa ɗaya muke shan ruwan randa, haka baƙo, haka mai kawo mana gawayi da baƙaƙen hannuwansa. Goggo kaɗai ke da kofinta.

Ba 'yar'uwarmu ba ce. Daga wajen Kona take tahowa da ƙafa kowace Asabar ta yi mana wanki, muna kiranta Goggo don Mama ta hana mu kama sunan babba. Tana da farfaɗiya. A unguwa mai faɗuwa ake ce mata, ko a gaban idonta. A hannunta na hagu akwai tabon ƙuna daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Tun tana budurwa ciwon ya kayar da ita a kan murhu, mutanen gidansu suka tsaya daga nesa suna kururuwa, ba wanda ya ja ta. A lokacin kowa ya yarda cewa in kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa ka, ko ka sha ragowarsa, ka ɗauka ke nan. Mu ma da haka muka tashi.

Ba na so a ɗauka Mama muguwa ce, don ba ita ba ce. Lokacin da duk unguwar ba mai ba Goggo aiki, Mama ce ta ba ta. Tuwon da take zuba mata ya fi nawa, abin da ya sha ɓata mini rai ina ƙarama. Kowace Kirsimeti da zaninta sabo. Mama ce shugabar zumuntar mata a cocinmu shekara da shekaru, mace mai murya, wadda in ta fara addu'ar cin abinci sai miya ta huce. Ba a yin biki ko makoki a unguwar ba a ga ƙafarta ba.

Amma in Goggo ta ji ƙishi, ga yadda ake yi. Za ta ciro kofinta daga ƙusa, ta riƙe shi ƙasa-ƙasa da hannu biyu. Mama ta ɗebo ruwa a moɗa, ta ɗaga sama ta tsiyayo, don kada bakin moɗa ya taɓa bakin kofi. Goggo ta ce, "Useko, Mama," wato na gode, ta koma gindin mangwaro ta sha. Na ga wannan sau ba adadi, ban taɓa jin wani abu a raina ba.

A coci ma hannun Mama ne. A wancan zamanin da ƙoƙo ɗaya ake shan Jibin Ubangiji, yana zagayawa daga baki zuwa baki. Da Goggo ta yi baftisma sai mata suka fara ƙananan maganganu, wasu suka ce in dai za a miƙa mata ƙoƙon su sun haƙura. Mama ce ta kawo dabara a gaban dattawan ikilisiya: Goggo ta riƙa zuwa da kofinta, ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, wai don ta samu iska, dattijo ya tsiyaya mata daga sama. Kowa ya yaba. Mama ta daɗe tana ba da labarin nan da jin daɗi, tana cewa ba don ita ba da an hana baiwar Allah teburin gaba ɗaya. Wataƙila ma gaskiyarta ce.

Shekaru suka wuce. Na yi aure, na samu aiki a sakatariya, Baba ya rasu. Da aka tura maigidana aiki garin Mutum Biyu sai na dawo gida wurin Mama, ni da 'yata, don makarantarta. Goggo tana nan tana zuwa, ta tsufa, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Kofin ya koɗe har ya kusa zama fari, amma yana nan a ƙusarsa.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna tsaye a harabar coci ana gaishe-gaishe, 'yata ta faɗi. Tana cikin wasa da yara ne, sai kawai ta sandare, ta tafi ƙasa, jikinta ya kama karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Shekararta shida a lokacin. Na nufi inda take. Abin da na gani kafin in isa wurin shi ne mata suna fizge 'ya'yansu, fili yana buɗewa kewaye da ita. Matan nan yanzun nan muka gama waƙar ƙauna tare da su, da zane iri ɗaya a jikinmu. Na ji wata tana cewa, "Kar ku taɓa yawun."

Mama ce ta riga ni. Da ciwon gwiwarta da komai ta zube a ƙasa, ta tallabo kan yarinyar, ta share kumfar da tafin hannunta, ta goge a zanin zumunta. Da yarinyar ta lafa sai Mama ta ɗaga kai ta dubi matan da suka zagaye mu daga nesa. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

A asibiti likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce farfaɗiya ce, akwai magani, in ana sha kullum yarinya za ta yi karatunta ta yi rayuwarta. Ni abin da nake son ji ke nan. Mama kuwa wata tambaya ce ke cin ta.

"Likita, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Mama."

"Ko ta yawu?"

"Ko ta yawu."

"In an sha ruwa da kofi ɗaya fa?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Mama, ko ragowarta kika sha kullum har ki tsufa, babu abin da zai same ki."

Muka shiga keke napep muka kama hanyar gida. Mama da ko a jana'iza sai ta samu wanda za ta yi wa gyara, ranar nan har mai keke ya wuce layinmu ba ta tanka ba, sai ni na tsayar da shi.

Ba a yi nisa ba sai ga yarinyar ta dawo daga gidan maƙwabciyarmu inda ta saba zuwa wasa, tana murna. Ta ce, "Kaka, an ba ni kofina ni kaɗai, irin na Goggo." Ina jin haka na jefar da tsintsiya na nufi ƙofa. Ni ba a san ni da haƙuri ba, kuma ranar nan na yi niyyar matar nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Mama ta riƙe mini zani.

"Ina za ki?"

"Zan je in tambaye ta ko 'yata kare ce."

"In ta tambaye ki inda ta koya fa? A tsakar gidan nan ta gani. Sau nawa tana zaune a nan ina tsiyaya wa Goggo ruwa?"

Na tsaya da zafina ban san inda zan kai shi ba. Mama ta tashi ta je gindin mangwaro ta ciro kofin. Ta aika a karɓo mata filaya a wurin mai gyaran keke, ta zauna tana fama da ƙusar, wadda itacen ya riga ya haɗiye rabinta. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce ba ni na sa a kafa ba. Sai da ta ji wa yatsanta ciwo kafin ƙusar ta fito.

Sai dai Goggo ba ta zo ta gani ba. Tun Lahadin da yarinyar ta faɗi ba ta sake taka gidanmu ba, ba ta kuma zo coci ba. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mama ta rage cin abinci. Ranar Jibin Ubangiji da faranti ya iso gabanta sai ta miƙa wa ta kusa da ita ba ta ɗauka ba, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Fastonmu, yaro ne mai hankali, sa'an ƙanena, ya biyo mu gida ya ji dalili. Da ta faɗa masa sai ya ce ai ta yi cikin rashin sani ne, Allah mai gafara ne, in ta tuba a zuciyarta ya isa.

Mama ta ce, "Fasto, na gode. Amma ba Allah na rataye wa kofi a bishiya ba. Sai na roƙi matar nan, mun sha ruwa da moɗa ɗaya, sannan in koma teburin."

Wata safiya ta dama kunun gyaɗa mai kauri irin wanda Goggo ke so, ta zuba a jug, ta ɗauki moɗar gidanmu ta sa a jaka, ta ce in raka ta. Keke ya kai mu har inda hanya ta ƙare a Kona, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin masara. Mama tana tafiya tana hutawa, bakinta yana motsi. Na gane maganar da za ta faɗa take maimaitawa. Na tsokane ta na ce yau shugabar zumunta ce ke haddar magana kamar 'yar makarantar Lahadi. Ba ta yi dariya ba.

Ɗakin Goggo yana can ƙarshen gidan wanta, bayan rumbu, nesa da sauran ɗakuna. Muka same ta zaune tana ɓarar gyaɗa. Tana ganinmu ta ture tiren, ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta kifa goshi a ƙasa. Na ɗauka ciwon ne ya taso. Ashe kuka take.

"Mama, ki yafe mini. Ni ne na ba yarinya ciwo."

Mama ta ce, "Me kike faɗa haka?"

Goggo ta ba mu labari kanta a ƙasa. A daminar bara, wata Asabar, Mama ta tafi kasuwa ni kuma ina ɗaki. Ta sha ruwa ta ajiye kofin a kan dutsen wanki, ba ta rataye ba. Tana juyowa ta ga yarinyar ta ɗauka tana shan ragowar. Ta fizge, ta wanke mata baki da ruwan sabulu har yarinyar ta yi kuka, ta lallashe ta da gyaɗa. Tsoro ya hana ta faɗa mana. Tun ranar take addu'a tana jira, da ta ji abin da ya faru a coci sai ta san ya zo.

"Kin ba ni aiki, kin ba ni abinci, kin ba ni kofi nawa. Ni ne ban rataye ba. Ina da fuskan da zan zo gidanki?"

Mama ta saki jakar ta durƙusa ita ma, gwiwarta ta yi ƙara. Duk maganar da ta haddace a hanya ta watse. Ta kama hannun Goggo, mai tabon, tana cewa, "Ni ce na zo roƙonki. Ni ce na yi miki zunubi, shekara da shekaru. Ba a ɗauka. Ba a taɓa ɗauka ba." Tsofaffi biyu a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa, kowacce tana roƙon ɗayar gafara, ba mai sauraren wata. Ni ina tsaye da jug ɗin kunu kamar wadda aka aika.

Na tsuguna na yi wa Goggo bayani dalla-dalla, abin da likita ya ce, yadda ciwon yake a cikin kai, yadda yara da yawa ke samunsa ba su taɓa ganin mai shi ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta girgiza kai.

"Likita bai zauna da shi ba. In ba a ɗauka, don me Mama ya raba mini kofi? Mama ba ya ƙarya. Mama mutumin addu'a ne."

Na dubi Mama. Fuskarta ta yi wani iri, kamar an mare ta. Ta ce, "Kuskure na yi. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Goggo ta ce, "A'a, Mama, kin yi daidai. Kina so ki kwantar mini da hankali ne."

Sai Mama ta karɓi jug ɗin, ta zuba kunu a moɗa, ta sha rabi, ta miƙa wa Goggo sauran. Goggo ta mayar da hannuwanta baya. Mama ta ce to ita ta fara sha, ita Mama ta sha ragowar. Nan Goggo ta ja da baya har ta jingina da rumbu, idonta ya cika da tsoro na gaske.

"Na ba yarinya, in ba ki ke ma? Allah ya kiyaye."

Don kada a ce ta ƙi abin da aka kawo mata, ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwani. Ta riƙe shi da hannu biyu ƙasa-ƙasa, tana jira. Mama ta daɗe a tsaye da jug a hannu. Can ta sunkuya ta kawo bakin jug ɗin kusa da gwangwanin don su taɓa. Goggo ta sauke hannu. Mama ta ƙara sunkuyawa, Goggo ta ƙara saukewa, har gwangwanin ya zauna a ƙasa ta janye hannunta. A haka Mama ta zuba. Goggo ta ce, "Useko, Mama," ta juya mana baya ta sha.

A hanya na yi fushi da kowa, da Goggo da taurin kanta, da wanta da ya ajiye ta bayan rumbu, da Mama da ke tafe tana share hawaye da bakin gyale. Na rasa wanda zan yi wa faɗa, sai na huce a kan mai keke saboda ya shiga rami.

Mama ba ta zauna ba. Ranar taron zumunta ta miƙe a gaban mata ta faɗi komai, ta ce ita ta koya musu, ta roƙi su bar shi. Wasu suka yi kuka, aka ɗauki waƙa, aka buga tulun kiɗa, aka ce amin da ƙarfi. Lahadin da ta biyo da idona na ga biyu daga cikinsu suna kiran 'ya'yansu da hannu lokacin da 'yata ta matso da gorar ruwanta. Mama ta je wurin dattawa ta ce a soke dabarar nan tata, a riƙa miƙa wa Goggo ƙoƙo kamar kowa. Suka tuna mata cewa an daɗe da barin ƙoƙo ɗaya, yanzu kowa da ɗan ƙaramin kofinsa a faranti. Babu abin da za a soke. Ta dawo gida ta zauna a gindin mangwaro har rana ta karkata.

Mun samu mun lallaɓi Goggo mun kai ta asibiti. An ba ta magani, tana sha, faɗuwar ta ragu ƙwarai, abin da da an yi shi tun tana budurwa da hannunta bai ƙone ba. Likitan ya faɗa mata da bakinsa cewa ba ita ta ba yarinya ciwon ba. Ta ce to. Muna fitowa ta ce da ni, "Yaron nan yana da kirki. Ba ya so in ji kunya."

Ana gab da Kirsimeti, wata Asabar da hantsi, muka ji sallamarta a ƙofa. Mama ta fito da sauri har tana tuntuɓe. Goggo ta shigo tana kame-kame, da 'yar leda a hannu. Ta gaishe mu, ta tambayi jikin yarinya, sannan ta buɗe ledar. Sabon kofi ne ɗan ƙarami, ruwan hoda, da zanen fure a jikinsa. Ta riga ta ɗaura masa igiya a hannu, irin ƙullin da ke jikin nata.

"Na yarinya ne. In yana da nasa, ba za a kore shi ba. Ni, da Mama ya ba ni nawa, ba a kore ni a gidan nan ba, ba a kore ni a coci ba."

Na so in karɓa in taka shi da ƙafa. Amma na dubi fuskarta, na ga duk abin da take da shi na ƙauna ne ta ƙulla a igiyar nan, sai hannuna ya mutu. Mama ta karɓa da hannu biyu. Kafin ta samu abin faɗa yarinyar ta fito da gudu ta fizge kofin tana tsalle, tana cewa nata ya fi na Goggo kyau.

Goggo ta nufi mangwaro tana laluben jikin itacen da yatsa. Ta samu ramin da ƙusar ta bari, ta juyo ta dube mu.

"Mama, ƙusan ya faɗi. A ina za a rataye?"

Mama ta ce, "Ba za a rataye ba."

Goggo ta yi murmushi irin na wanda ake yi wa kara, ta ɗaura zani ta fara jiƙa kayan wanki. Da ƙishi ya kama ta, gwangwaninta ta ciro daga ƙugu.

Haka muke har yanzu. Tana zuwa kowace Asabar, Mama tana miƙa mata moɗa, tana mayar da hannu baya. Faranti yana zuwa gaban Mama a coci, tana miƙa wa ta kusa. Fasto ya gaji da magana, ni ma na gaji. Na ɓoye kofin furen a saman kwaba, yarinyar ta yi kuka har na sauko da shi, kuma ba ta yarda ta sha ruwa da wani. Jiya ma da yamma na ji ta a tsakar gida tana tambayar kakarta yaushe za a mayar da ƙusar.